Sunan Uba ko Sunan Miji: Wanne Ya Fi Riƙe Mace?

Duk mai karanta jaridun ƙasar nan ya san shafin nan na ƙananan akwatuna da ake jerawa can wajen ƙarshe, inda mutane ke sanar da canjin suna. Mafi yawan masu sanarwar mata ne, maganar kuma kusan ɗaya ce: da an san ni da suna kaza, daga yau a kira ni da kaza, takarduna na baya suna nan da ƙarfinsu. Ba a cika tsayawa a karanta shafin ba, amma bayan kowane akwati akwai aure da aka ɗaura, da rantsuwa da aka yi a kotu, da kuɗi da aka kashe, da wani uba da aka sauke sunansa daga takardun 'yarsa.

A Minna, daga Tagwai da Chanchaga har Tunga da Bosso da Kpakungu, wannan tambaya takan riski amarya mai takarda tun lallen biki bai goge daga hannunta ba. Za ta koma makaranta ko wurin aiki, za ta buɗe asusu a banki, za ta yanki katin awon ciki, kuma a kowane teburi akwai fom da ke jiran ta cike gurbin suna na biyu. Na babanta za ta rubuta ko na maigidanta? Garin ya tara Gbagyi da Nufawa da Hausawa da Fulani da Yarabawa da Ibo, Musulmi da Kirista, ma'aikata da 'yan kasuwa, don haka al'adun biyu suna zaune ƙofa da ƙofa. A ofis ɗaya za ka ga malama biyu, ɗaya ta koma Misis wance ranar da ta dawo daga hutun aure, ɗaya kuma tana da jikoki amma sunan da ta shiga firamare da shi ne a kan teburinta. Kowace tana da hujja, kuma hujjojin sun cancanci a auna su da adalci.

Yadda muka gaji kiran mace

A ƙasar Hausa suna ba abin wasa ba ne, shi ya sa ake cewa suna linzami. Ranar bakwai ga haihuwa ake tara mutane da sassafe, a raba goro, liman ya raɗa suna, a yanka rago. Wannan shi ne sunan yanka, kuma da shi mutum zai shiga kabari. Idan ana son a bambanta Hauwa da wata Hauwa, sai a ce Hauwa 'yar Malam Sule, ko Hauwa ta gidan Sarkin Pawa. Idan ta yi aure, mutanen unguwa za su ce matar Alhaji Bala, ko amaryar gidan wane, ko uwargida. Idan ta haihu ta zama Maman Sadiya. Duk waɗannan laƙabi ne na baki, suna zuwa suna wucewa da yanayin rayuwa, babu wanda ya taɓa ɗaukar su a matsayin maye gurbin uba.

Sunan dangi guda da ake gadon sa kaka da kakanni, kamar yadda Turawa ke yi, bai cika zama ruwan dare a wurinmu ba. Da makarantar boko ta zo tana neman suna na biyu a rajista, wasu suka sa na uba, wasu na garinsu. Haka aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, a Jihar Neja kuma Mamman Kontagora da Mamman Vatsa. Matan da suka yi fice ma da irin wannan hanya aka san su. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ce, babban mutum a daular Sakkwato, amma har gobe 'yar Shehu ake ce mata. Ladi Kwali, maginiyar tukwane da hotonta ke bayan takardar naira ashirin, wadda ta shiga cibiyar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, da sunan garinsu duniya ta san ta. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya kuwa daga gwagwarmayar jam'iyyar NEPU ta samo sunanta na biyu. Cikin su ukun babu wadda aure ya raɗa wa suna.

Akwai kuma wani abu da masu goyon bayan sunan miji ba su cika lura da shi ba, wato alkunya. Matar Bahaushe ta asali ba ta faɗar sunan mijinta. Maigida take cewa, ko Malam, ko Alhaji, ko Baban wane. Sunan surukinta kuwa ko da kuskure ba ya fita daga bakinta, har ma idan an sa wa ɗanta sunan sai ta nema masa laƙabi, ta ce Abba ko Baffa. To ga al'adar da ta hana mace furta suna saboda girmamawa, ga kuma wata da ke so ta riƙa faɗar wannan sunan da ƙarfi a gaban kowane akawu. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa ɗaukar sunan miji baƙo ne a gidanmu.

Inda baƙon ya fito

Daga Ingila ya zo, tare da mishan da makaranta da ofishin Gwamna. A tsohuwar dokar Ingila, mace idan ta yi aure sai a ɗauke ta ta shige ƙarƙashin inuwar mijinta a idon shari'a: abin da ta mallaka ya koma hannunsa, ba ta ƙulla yarjejeniya da kanta. Sunansa da take ɗauka alamar wannan shigewa ce. Sai a 1882 dokar ƙasar ta ba matar aure cikakken ikon riƙe dukiyarta, abin da Musulunci ya tabbatar wa mace fiye da shekara dubu kafin nan. Tsohuwar dokar ta tafi, al'adar sunan ta zauna. A Amurka, wani bincike da cibiyar Pew ta fitar a 2023 ya nuna kashi 79 cikin ɗari na matan da suka auri maza sun ɗauki sunan miji, kashi 14 kuma suka riƙe nasu.

Amma kuskure ne a ɗauka haka duk duniyar da ta ci gaba take yi. A ƙasar Sin da Koriya mace ba ta barin sunan gidansu. A Sifaniya ma haka, 'ya'ya ne ke haɗa sunan uba da na uwa. Lardin Kebek na Kanada tun 1981, da ƙasar Girka tun 1983, doka ce ta ce mace ta ci gaba da sunan da aka haife ta da shi. A Faransa sunan haihuwa ne na hukuma, na miji aro ne na mu'amala, shi ya sa 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka saba ganin an rubuta Madam wance sannan a biyo da sunan gidan da aka haife ta. Japan ce ta tsaya a ɗaya gefen: dokarta ta wajabta wa ma'aurata suna guda, kotun ƙolinta ta tabbatar da haka a 2015 da 2021, kuma kusan kashi 95 cikin ɗari mace ce ke sakin nata. A Najeriya kuwa babu wata doka da ta tilasta wa matar aure canja suna. Abin da ke tura ta al'ada ce, da fom, da kallon mutane.

Abin da sunan miji ke bayarwa

Duk da haka, matar da ta zaɓi sunan mijinta ba wauta ta yi ba, kuma wanda ya yi mata kallon mai kwaikwayon Turawa kawai bai yi mata adalci ba. Abu na farko da take nema shi ne gidanta ya zama tsintsiya mai maɗauri ɗaya. Idan ta kai yaro asibiti, ko ta je ɗaukar sa a makaranta, ko za ta hau jirgi da shi zuwa wata ƙasa, sunansu ɗaya, babu mai tambayar ta ko ita ce uwar. Mace mai 'ya'ya biyar da ke amsa suna guda tana iya jin ba daɗi a ce ita kaɗai ce bare a takarda cikin gidan da ta gina da ƙuruciyarta.

Na biyu, sunan miji garkuwa ne. A wurin aiki da kasuwa da tashar mota, al'ummarmu tana ba matar aure wani mutunci da take hana budurwa da bazawara. Wannan ba adalci ba ne, amma haka abin yake, kuma mace mai fita aiki kullum ta san Misis ko Hajiya wance yana rufe bakin masu neman raini. Idan kuma maigida ya rasu yana ma'aikaci, aka zo biyan haƙƙoƙinsa, sunan da ya zo ɗaya da nasa yakan rage wa gwauruwa tambayoyi a lokacin da zuciyarta ba ta iya ɗaukar dogon bayani.

Na uku, akwai matan da sunan miji ya zame musu gada zuwa wata al'umma. Mutanen Minna ba sa buƙatar a je nesa don neman misali. Maryam Babangida 'yar gidan Okogwu ce ta Asaba, an haife ta a 1948, ta auri Ibrahim Babangida a 1969. Da sunan mijinta ta kafa shirin kyautata rayuwar matan karkara a 1987, da shi ta kafa makarantar El-Amin, kuma da ta rasu a watan Disamba na 2009 a Minna aka binne ta, gari ya yi makokin ta a matsayin tasa. Mai Shari'a Fati Lami Abubakar da sunan mijinta, Janar Abdulsalami Abubakar, ta kafa ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA a 1999, ta kuma riƙe kujerar Babbar Alƙaliyar Jihar Neja. Zaynab Alkali da sunan gidan mijinta ta shiga sahun manyan marubutan Arewa. Babu mai cewa sunan ya rage wa waɗannan mata komai.

Akwai kuma wadda uba ya yi watsi da ita tun tana goye, bai san cinta ba bai san suturarta ba, sai miji ne mutum na farko da ya riƙe ta da daraja. Idan irin wannan ta ce ta fi son sunan wanda ya share mata hawaye, sai mai taurin zuciya ne zai yi saurin yanke mata hukunci. Ga maƙwabtanmu Kirista kuma, waɗanda ke ɗaura aure a coci ko a rajista, ɗaukar sunan miji ya riga ya zama ɓangare na bikin kansa, suna ganin sa cikar alkawarin zama abu guda.

Abin da sunan uba ke riƙewa

Ƙarfin sunan uba a wuri ɗaya yake: ba ya ƙarewa. Aure ƙulli ne da mutane biyu suka yi da yardarsu a gaban shaidu, kuma abin da aka ƙulla yana iya kwancewa, ko da saki ko da mutuwa. Haihuwa kuwa ba a warware ta. Kowa a unguwa ya san matar da ta yi aure biyu ko uku, ba don tana so ba, sai don haka Allah ya ƙaddara mata. Idan kowane aure zai zo da sabon suna, to wace ce ita a takarda? Matar da aka saka, ta gama idda, ta koma ɗakin uwarta, amma katin bankinta da na wurin aikinta suna kiran ta da sunan mutumin da ya kore ta, kullum sai an fama mata ciwon. Idan ta sake aure kuma, sabon mijin ba zai so ya ga sunan wani namiji a jikin matarsa ba, sai a koma kotu, a koma jarida.

Wahalar takardun nan ba ƙarama ba ce a yau. Da can mutum yana iya zama da suna biyu ba wanda ya damu. Tun da Babban Banki ya kawo lambar BVN a 2014, aka kuma ɗaure layin waya da jarrabawar JAMB da fasfo da lambar NIN, harafi ɗaya ya bambanta sai a ce, "Hajiya, sunanki bai zo ɗaya ba, sai kin je kin gyara." Mai canja suna za ta yi takardar rantsuwa, ta buga a jarida, ta bi layin hukumar katin ɗan ƙasa, ta bi na banki, ta bi na fasfo, ta kai wa wurin aiki da ofishin fansho. Bayan duk wannan, akwai takardun da ba za su bi ta ba. Hukumar NECO, wadda hedikwatarta ke nan Minna a kan hanyar Bida, da sunan da yarinya ta zauna jarrabawa take ba da sakamako. Digirin da ta samu a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano, ko takardar NCE ta Kwalejin Ilimi, da sunan babanta suke. Daga ranar da ta canja, duk inda za ta nemi aiki ko ƙarin karatu sai ta haɗa da yankin tsohuwar jarida don ta tabbatar cewa ita ce mai wannan ilimi.

Sannan tsarin sunayenmu bai dace da wannan aro ba. Bature sunan zuriya yake ba matarsa. Mu kuwa suna na biyu galibi sunan uban mutum ne na yanka. A ce miji Musa Ibrahim ne. Idan matarsa ta zama Hauwa Musa, duk mai karantawa zai ɗauka 'yarsa ce, don haka 'ya'yansa mata ke rubuta nasu. Idan ta zama Hauwa Ibrahim, ta koma 'yar surukinta, wato ƙanwar mijinta a takarda. A gidan da ke da mata uku ko huɗu kuma, duka Misis ɗaya ne. Idan aka yi dace biyu daga cikinsu A'isha ne, sai rikici a asibiti da banki, har da ranar rabon gado. Abin da aka ɗauko don ya kawar da ruɗani sai ya haifi wani.

Akwai kuma haƙƙin wanda ya yi wahala. Uban da ya sayar da doya ko ya tuƙa mota shekara ashirin don 'yarsa ta zama likita, ranar da za a rubuta sunanta a ƙofar ofis ya cancanci ya ga nasa a wurin. Iyaye da yawa da ke jan ƙafa wajen karatun 'ya'ya mata suna faɗin magana guda: "Wahalar banza ce, gidan wani za ta kai." Duk lokacin da mace ta yi fice da sunan babanta, ana rage wa wannan magana ƙarfi. Hadiza Bala Usman, wadda aka naɗa shugabar hukumar tashoshin jiragen ruwa a 2016, ko ina aka ambace ta sai an tuna da mahaifinta, masanin tarihi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello.

Abin da malamai suka ce

Ga Musulmi, maganar ba ta tsaya ga sauƙin takarda ba. Aya ta biyar a Suratul Ahzab ta yi umarni a riƙa danganta mutane ga iyayensu maza, kuma a dalilinta Zaidu, wanda aka daɗe ana kira ɗan Muhammadu, ya koma Zaidu ɗan Harisa. Bukhari da Muslim sun ruwaito gargaɗi mai tsanani ga wanda ya jingina kansa ga wanin ubansa yana sane. Babu mijin da ya kai Manzon Allah (SAW) daraja, amma matansa da sunan iyayensu aka san su: A'isha 'yar Abubakar, Hafsa 'yar Umar, har da Safiyya 'yar Huyayyu, wadda mahaifinta ya mutu yana gaba da Musulunci. A kan wannan ne malamai da yawa suka hana mace sauya sunan ubanta da na miji.

Wasu malaman kuma, ciki har da cibiyar fatawa ta Masar, sun sassauta. Hujjarsu ita ce abin da aka hana shi ne ƙaryar nasaba, alhali a wurin da kowa ya san Misis wance na nufin matar wane, ba a yi wa kowa ƙarya ba. Alƙur'ani da kansa ya ambaci matar Nuhu da matar Luɗu da matar Fir'auna ta hanyar mazajensu. Wannan saɓani ne na masana, kuma ya kamata ya hana mu saurin jifan matan da suka riga suka canja. Sai dai ko a kan fahimta ta biyu, sharaɗin shi ne kada a rikita nasaba, mu kuwa mun ga yadda tsarin sunanmu ke mai da mata 'ya ko ƙanwa. Shari'a kanta ba ta cire mace daga gidansu saboda aure: tana gadon ubanta, danginta na wajen uba suna cikin waliyyanta idan za ta sake aure, dukiyarta tata ce. A gidan miji rabonta na gado ɗaya bisa takwas ne idan akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu idan babu, kuma kishiyoyi raba wannan kason suke yi. Sunan da ta ɗauka ba ya ƙara mata ko ƙwayar gero a ciki.

Alkawarin da sunan ba ya cikawa

A nan ne sikelin ya fi karkata. Mace tana sakin sunan gidansu da zaton ta zama 'yar gida a wurin mijinta, amma ranar rabon muƙami sai a tuna mata asalinta. A 2012 an jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda ƙorafin cewa a gurbin Jihar Abiya aka kawo ta, jihar mijinta inda ta yi shekaru tana aiki, alhali asalinta Anambara ne. Sai daga baya aka rantsar da ita. A watan Maris na 2022 Majalisar Tarayya ta kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da gyaran tsarin mulki da zai ba matar aure damar zama 'yar asalin jihar mijinta bayan shekara biyar da aure. A gari irin Minna, inda Banufe ke auren Bahausa, Bagbagyi ke auren 'yar Kwara ko Kogi, wannan ba labarin nesa ba ne. Matar da ta canja suna tana iya wayar gari a tsakiya: can gida a ce ai ta zama ta wasu, nan kuma a ce ba 'yar ƙasa ba ce.

Inda awon ya tsaya

Idan aka jera su, amfanin sunan miji na gaske ne, amma kusan duka ana iya samun sa ta wata hanya. Shaidar cewa mace matar wane ce aikin takardar aure ne. Shaidar cewa ita ta haifi yaro aikin takardar haihuwa ne, wadda ke ɗauke da sunan uwa. Haƙƙin gwauruwa yana tabbata idan miji ya rubuta ta a fom ɗin magada tun yana raye. Mutuncin aure kuwa a bakin mutane yake, kuma ba wanda ya hana a kira ta Hajiyar Alhaji wane a biki da suna da katin gayyata. Amfanin sunan uba shi ne ba shi da madadi: suna guda daga rajistar firamare har takardar fansho, wanda saki ba ya taɓa shi, takaba ba ta taɓa shi. Don haka a ganina sunan uba ya fi cancantar zama a takarda, na miji kuma ya zauna inda kakanninmu suka ajiye shi, a harshen jama'a. Wadda ke son haɗa biyun, kamar yadda Ngozi Okonjo-Iweala ta yi, ta sami tsaka-tsaki, muddin na uban bai faɗi ba.

Wannan ra'ayi yana ɗora nauyi a kan wasu. Iyaye su daina barin aure ba takarda. A karɓi shaidar aure daga kotu ko masallacin da ke bayarwa tun ranar ɗaurin aure, a yi wa kowane jariri takardar haihuwa, domin rashin waɗannan ne ke sa mace neman mafaka a sunan miji. Ofisoshi su daina mai da al'ada doka. Shekaru da yawa hukumar yi wa ƙasa hidima tana neman shaidar canjin suna kafin ta tura matar aure jihar da mijinta yake, mata da dama kuma sun canja ne don wannan kawai; a ƙarshen 2024 ta janye sharaɗin, kuma ya kamata kowane banki da asibiti da ma'aikata su bi sahu. Maza kuma mu daina auna biyayyar mace da wannan ma'auni. Wanda ya ce wa amaryarsa, "In kina ƙaunata ki cire sunan babanki," ya tuna shi ma zai aurar da 'ya wata rana.

Matar da ta riga ta canja, ta zauna lafiya da sunanta shekara da shekaru, ba wanda ya isa ya tayar mata da hankali. Zaɓinta ne, kuma tana da dalilanta. Maganar ta fi shafar ƙanwarmu da ke shirin shiga ɗaki yanzu. Kafin ta nufi kotu yin rantsuwa, ta zauna da maigidan nata su yi shawara ido da ido, ba a bar wa akawu ko ƙawaye su yanke mata ba. Ta tambayi kanta wane suna ne zai ci gaba da zama gaskiya a kanta ko tana amarya, ko tana uwargida, ko tana takaba, ko ta koma gida. Idan ta sami amsar, ta rubuta shi a fom na farko, ta riƙe shi a duk sauran.